Makullin Ɗakin Sama

Kafin kowa ya fara wanke ni a wurin sharhi, bari in riga ku: ni ce mai laifi. Na sani, Mama ta sani, har kazarmu ta cikin waya ta sani, don ita ce ma ta ci ribar abin. Amma ku bari in kai ƙarshe tukuna, don na tabbata a cikinku akwai waɗanda yatsansu ya fi nawa rawa.

Ga sababbin zuwa, ni ce Auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani asibitin haƙori. Aikina rubuta suna, ɗaga waya, da lallashin ƙattin maza masu gemu da jikinsu ke ɓari da zarar sun ji ƙarar injin likita. Tsakanin wannan mara lafiya da wancan kuwa zaman jira ne kawai, shi ya sa na sayi wani gem na gina gida a wayata. Saye na yi, da kuɗina, ba na kyauta ba ne, ku riƙe wannan da kyau. A ciki ana ba ka fili, ka yi gini, ka shuka lambu, ka yi kiwon kaji, ka jera kujeru yadda ranka ke so, ba mai ce maka ka tare hanya.

Wata tara da suka wuce makullin kabad ɗin magunguna ya karye a cikin kwaɗonsa, likita ya ce in nemo mai gyara. Wanda ya zo dogo ne siriri, da riga mai aljihu huɗu, kowane aljihu na kacau-kacau in ya motsa. Bai yi minti biyar ba ya zaro guntun ƙarfen, ya buɗe kabad, ya hure hannunsa. Da zai fita sai ya leƙa wayata da ke ajiye a kan tebur.

"Kajinki na jin yunwa," ya ce.

"Malam, wa ya aike ka?"

"Ba kowa. Amma in kika bar su har azahar, yau ba ƙwai. Ni ma ina da irin gidan."

Haka Mai Makulli ya shigo rayuwata, ta ƙofar kaji. Gem ɗin yana bari mutum biyu su haɗa fili su zauna a gida ɗaya, kuma sai da bawan Allahn nan ya yi wata biyu yana gaishe ni kafin ya iya tambaya ko za mu haɗa namu. Kada wata ta ɗaga mini gira, gidan hoto ne. Shi ke gini da sa ƙofofi, ni ke zaɓen labule da darduma. Mun yi sati guda ba ma shiri a kan wata kujera ruwan lemo da ya ce tana sa masa ciwon ido, ƙarshe ya haƙura, yanzu ma a kanta ɗan mutum-mutuminsa ke zama.

Saƙonninsa ba su da tsawo. "Kin ci abinci?" "Na rufe kaji." "Za a yi ruwa, ki ɗauki lema." Ya gyara mini zif ɗin jaka, ya sake wa takalmina dunduniya, ya taɓa tsayawa awa guda a bakin titi yana jirana don kawai ya miƙo mini cajar da na manta a shagonsa. Amma maganar gaba, maganar ina muka dosa, ko da wasa bai taɓa buɗe baki ba. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba, son da ni kaina yake ba ni haushi wani lokaci. Sai dai shirun nan nasa ya fara cin raina.

To, a cikin gidan namu na hoto akwai matakala. Tun ranar da na sayi gem ɗin tana nan a kusurwar falo, an ɗaura mata igiya da ɗan allo mai cewa ana aiki. Wata rana da safe aka sabunta gem ɗin, igiya ta ɓace, na hau da gudu, sai ga ƙofa da wani ƙaton kwaɗo ruwan zinare yana walƙiya. A ƙasa an rubuta: "Ɗakin Sama! Mallaki naka yau!" Kuɗin da suka sa zai yi mini ɗinkin doguwar riga biyu har da canji. Wanda ba zai biya ba kuma, wai an tausaya masa, sai ya tara guntayen makulli ɗari biyu. Guntu ɗaya ake samu a rana, shi ma sai ka shiga tsakanin shida da bakwai na safe ka yi wa lambunan maƙwabta goma ban-ruwa. Ranar da ka tsallake, su zare maka biyar. Na gwada, na yi kwana tara, a na goma na makara, na zubar da abin na kama gabana.

Na tura masa hoton ƙofar. "Mu haɗa kuɗi mu saya?"

Amsar ta zo da sauri, abin da ba halinsa ba. "A'a."

Da yamma na biya ta shagonsa, wani ɗan lungu tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin takalmi, bango duk makullai a rataye jere-jere. Ya kashe injin ya ɗauko sabon kwaɗo a kwali ya farke a gabana.

"Nawa kika gani?"

"Makulli uku."

"To. In na sayar miki da kwaɗon nan, ukun zan ba ki. Ba zan ɓoye ɗaya a aljihu in dawo bayan wata shida in ce ki kawo kuɗi ba. Matakalar nan tun ranar farko tana cikin gidan da muka saya. Ɗakinmu ne, Auta, suka rufe shi suka dawo suna sayar mana. Ni da nake yanka wa mutane makulli, in je in sayi na hoto?"

Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce shi ke nan, Alƙali, an ji. A lokacin abin burge ni ya yi. Kuskurena shi ne da na ba da labarin a gida kwanan baya.

Don Gwaggo tana nan. Ƙanwar Baba ce, ta zo kwana uku, yanzu muna cikin sati na bakwai, har ta sauya wa kujerun falonmu wuri sau biyu ta kuma ƙwace kujerar da ke ƙarƙashin fanka. Tana da ɗan wata ƙawarta da take tallata mini tun bara, mai shagon fitilun gida, irin masu lilo daga silin ɗin nan. Ba shi da laifi, yana da fara'a, turarensa na riga shi shiga ɗaki. Da ya ji ina gem ɗin sai ya saya shi ma, cikin sati ɗaya ya tayar da bene hawa uku da wurin wanka da dawisu biyu, duk da katin banki ya saye su. A gem ɗin akwai allon saƙo da mutum ke kafewa a ƙofar wani, kalma biyar na farko kyauta ne, baƙaƙe, duk wadda ta wuce nan sai ka biya, ita kuma ta fito ruwan zinare. Mai Fitila kullum sai ya kafe mini allo kamar takardar jarrabawa, zinare tun daga sama har ƙasa. Shi kuwa nawa, bai taɓa wuce biyar ba. "Na zuba wa kaji ruwa." Ku ƙirga ku gani.

Ranar Laraba muna falo, Mama na ninke wanki, Baba yana can kusurwarsa da rediyo a kan ciki da ido a rufe, ni kuma na dawo daga aiki ko mayafi ban cire ba. Gwaggo ta tashi za ta ɗauko wani abu a sito, ta yi tuntuɓe da bokitin da muke tokare ƙofar da shi, don wata uku ke nan kwaɗon ƙofar ya lalace ba ta rufuwa. Ta dawo tana tsaki, haushin bokiti ya sauka a kaina.

"Ke Auta, wai har yanzu wannan mai ƙarafan bai buɗe miki ɗakin ba?"

"Gwaggo, ba rashin kuɗi ba ne. Ra'ayi ne."

"Ra'ayi!" Ta tafa hannu. "Kun ji sabon sunan rowa. Yarinya, mutumin da ya kasa buɗe miki ɗakin hoto, shi ne zai buɗe miki na siminti? Yau ya ce ba zai sayi makulli ba, gobe ki ce gishiri ya ƙare ya tsaya yi miki lacca a kan masu kamfanin gishiri."

Mama ta danne dariya da zanin gadon da ke hannunta. Sannan ta ajiye shi, ta dube ni da irin kallon da ke sa in gyara zama.

"Auta, ba wanda zai matsa miki. Amma babanki ya yi tambaya. Mutanen wancan yaron mai fitilu suna son su zo su gaisa, mun ce su dakata. In akwai wanda kike jira, ki faɗa mana zuwa Lahadi, mu san abin da za mu ce wa mutane. Shi naki ya taɓa cewa wani abu?"

Me zan ce? Ya ce za a yi ruwa in ɗauki lema?

"Kin gani ko," in ji Gwaggo, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta da nasara. Baba bai motsa ba, rediyonsa na ta labarin farashin taki.

Maganar ta kwana a raina ta tashi da ni. Ranar Alhamis na sa doguwar rigata ruwan toka mai maɓallai a hannu, wadda nake sawa in ina fushi da duniya, na tafi aiki. Da tsakar rana likita ya fita cin abinci, ɗakin jira ya zama ba kowa sai kifayen da ke cikin gilashi. Na buɗe gem. Kwaɗon nan ya ƙyalla mini ido, a samansa ga jan rubutu yana bugawa kamar zuciya: "Ragi na musamman! Saura awa shida!" Wallahi na san ƙarya ne. Wata shida ke nan kullum saura awa shida. Amma ranar sai na ji kamar da ni kaɗai suke.

Na ce a raina, in shi ba zai iya ba, ni zan iya. Ina aiki, ina da katina, ba sai na jira wani namiji ya gama ra'ayinsa ba kafin in hau bene. Kuma can ƙasan zuciyata, inda ba na son leƙawa, so nake ya gani ya ji kunya.

Na danna. Suka ce kin tabbata? Na danna. Ba su sake tambaya ba, a nan kam ba su da nawa.

Aka yi kiɗa, aka watso furanni, kwaɗo ya fashe ya zama taurari. 'Yar mutum-mutumina ta tura ƙofa ta shiga, ni kuma na matso da wayar har tana taɓa hancina.

Jama'a, fanko. Ɗaki ne fari fat, ko tabarma babu. Taga ɗaya, ita ma a rufe, da na taɓa ta sai ga rubutu: "Buɗe taga ka ga teku!" da farashinta a gefe. Na taɓa bango, fenti da farashinsa. Na yi ƙoƙarin hawo da kujerata ruwan lemo daga ƙasa, suka ce kayan ƙasa ba sa hawa sama, sai dai a sayi na sama. A can ƙarshen ɗakin kuma, ku canka me na gani? Wata ƙofar, da wani kwaɗon, wannan karon da duwatsu masu ƙyalli. "Baranda! Tana nan tafe!"

Na zauna ina kallon kifaye, su ma suna kallona. Riga biyu har da canji, na sayi farin ɗaki da ƙofar da za ta sake cin wasu rigunan. Ban gama jin haushin kaina ba wayar ta yi ƙara.

Shi ne. Hotuna biyu ya turo, ba gaisuwa.

Na farko hoton jakarsa ce ta cikin gem, wadda ni ba na iya gani daga wajena. An ɗauke shi da safiyar ranar, ƙarfe bakwai saura. Makulli ne ya kusa haɗuwa, ɗan bakinsa kawai ya rage, a ƙasa an rubuta ɗari da casa'in da bakwai cikin ɗari biyu.

Na biyu na yanzu ne. Makullin babu. A wurinsa ga saƙo da furanni: "Albishir! Abokiyar zamanka ta buɗe Ɗakin Sama. An mayar da guntayenka kyauta ta musamman." Kyautar kuwa hula ce. 'Yar hula rawaya mai tunku, ta kaza.

Sai rubutu ya biyo baya, kalma uku. "Saura kwana uku."

Na shiga lissafi da yatsu kamar 'yar aji ɗaya. Ɗari da casa'in da bakwai. Wato tun ranar da ya farke kwalin kwaɗon nan a gabana, ko kwana ɗaya bai tsallake ba. Har da satin da zazzaɓi ya kwantar da shi. Har da ranar da aka kira shi da asuba wani ya kulle kansa a waje. Kullum tsakanin shida da bakwai, mutumin nan yana tsaye da butar hoto yana bin lambunan mutanen da bai sani ba, ni kuwa ina can ina juyi a gado. Alhamis da uku, Lahadi ke nan.

Na rubuta, "Don Allah ka yi haƙuri, ban sani ba." Ya karanta. Na rubuta, "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?" Ya karanta. Na kira, ta yi ta ringi har ta gaji. Da likita ya dawo ya tarar na rubuta sunan mara lafiya ɗaya sau biyu, ya tambaye ni ko haƙori ne ke damuna, na ce eh, don ya fi sauƙin bayani.

Ranar ba "kin ci abinci", ba "na rufe kaji". Na shiga gem na tarar ya rufe su ɗin dai, kuma ya sa wa farar kazarmu hular. Tana ta yawo a cikin akurki da tunku yana lilo, ita kaɗai ce mai farin ciki a gidan. Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, Mama ta leƙo ta ce lafiya, na ce mura ce.

Juma'a da aka tashi aiki ban nufi gida ba. Na tsaya a madubin banɗakin asibiti na gyara mayafina sau uku, na goge janbaki don kada ya ce ban damu ba, na sake shafa kaɗan don kada ya ce na lalace. Na same shi a shago ya sunkuya a kan inji, garin ƙarfe ya yi masa fari-fari a gira. Wata mata na jiran makullinta. Sai da ya gama, ya goge bakin makullin, ya miƙa mata, sannan ya ɗago.

"Sannu da zuwa, mai bene."

"Kada ka yi mini haka."

"Me na yi? Zauna." Ya jawo mini ɗan bencin da ƙafarsa, ya share shi da hannun riga.

"Na zo ba ka haƙuri ne. Gwaggo ce ta yi ta magana, ta ce kai…"

"Marowaci."

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba sai an faɗa mini ba. Ranar da na raka ki gida na ga kallon da ta yi wa takalmina." Ya ɗan murmusa, amma murmushin bai kai ido ba. "Ke ma haka kika ɗauka?"

Na so in ce a'a. Amma mutumin da ya yi wata shida yana ban-ruwa bai cancanci ƙarya ba. Na ce, "Na kwana ɗaya da rabi."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki wani makulli yana jujjuya shi. "Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Ba ke ba ce. Sun san mutum biyu ne a gidan. Sun san ɗaya na tarawa. Da sun so, da kika zo biya sai su ce miki, tsaya, abokin zamanki ya kusa. Layi ɗaya ne. Amma in sun faɗa miki ba za ki biya ba, shi ya sa suka raba mana jaka tun farko, kada wani ya ga ta wani." Ya ajiye makullin. "Sai suka ba ni hula."

"Ta yi wa kazar kyau," na ce a hankali.

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, dariya ta ƙwace masa har mai gyaran agogo ya leƙo. Na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina, amma ba duka ba.

"To me ya sa ka yi shiru? Da ka ce mini kana tarawa, wallahi da na jira ko shekara ce."

"So na yi ki tashi ranar Lahadi ki ga ƙofa a buɗe."

"Ɗakin fa ba komai a ciki. Fanko ne."

"Na sani. Na ga hotonsa a wurin mutane tun watan farko."

"Ka sani? To wahalar me ka yi ta sha?"

Ya kalli bango, ya kalli injinsa, ya kalli ko'ina ban da ni. Kunnuwansa har wani motsi suke. "Akwai abin da na so in ajiye a ciki. Wurin da ba kaji, ba maƙwabta, ba allon mai dawisu."

"Mene ne?"

"An yi baƙo," ya ce, ya miƙe da sauri ya tari wani dattijo da ko tsayawa bai yi niyya ba. Na jira, na jira, ya ƙi dawowa kan maganar. Da zan tafi dai ya ce in kula da kwatar bakin titi, an buɗe ta. Na koma gida ban san ko an yafe mini ba ne ko sallamata aka yi cikin mutunci.

Asabar da hantsi muna falo. Gobe Lahadi, kuma ba ni da abin da zan faɗa wa Mama. Ina zaune a ƙasa da tsohuwar rigar barcina mai hoton ayaba, ina tsince wa Mama shinkafa a faranti, Gwaggo tana ƙarƙashin fanka tana yanke farce tana ba da labarin fitilar da Mai Fitila ya sa wa wani otal, wai sai da mutum shida suka ɗaga ta. Baba na kusurwarsa, ido a rufe. Sai wayata ta yi 'yar ƙarar nan ta gem.

"Abokin zamanki ya ajiye wani abu a Ɗakin Sama."

Farantin ya kusa kifewa. Na goge hannu a riga, na buɗe, na wuce kaza da hularta, na hau matakala. Ban lura ba ashe Mama ta zagayo bayana, Gwaggo ma ta taso da abin yankan farcenta a hannu.

A tsakiyar farin ɗakin nan, allo ne guda ɗaya a kafe. Mama ce ta karanta a fili, a hankali, don ba ta sa tabarau ba.

"Auta, Lahadi zan zo gidanku in gaida Baba, in kin yarda. Ɗakin nan fanko ne, amma na kama wani na gaske, hawa na biyu, tagarsa tana buɗuwa kyauta. Makullinsa uku ne, ban ɓoye ko ɗaya ba."



"To me ya sa rubutun kala biyu?" in ji Mama. "Na farkon baƙi, sauran duk rawaya."

Na ƙirga kalmomin da yatsa. Auta, Lahadi zan zo gidanku. Nan biyar ɗinsa na kyauta suka ƙare, kuma da ya so da ya tsaya a nan, saƙo ya isa. Mutumin da ya yi kwana ɗari da casa'in da bakwai yana ban-ruwa don kada ya ba mutanen nan ko sisi, ya zaro katinsa ya biya su kalma bayan kalma, yana sane sarai cutarsa suke, don dai kada maganar ta zo mini a guntule.

Gwaggo ta san ma'anar zinaren, ai ita ke yi mini tallarsa kullum. Ta karɓe wayar, ta nisanta ta daga fuska, ta bi rubutun da farcenta ɗaya bayan ɗaya tana motsa leɓe. Da ta kai ƙarshe ta miƙo mini, ta koma kujerarta ta zauna.

"Hm," ta ce. Can kuma ta ƙara, "Hawa na biyu. Da wahalar ɗibar ruwa dai."

Mama ta dangware ni a kafaɗa, idonta ya yi rau-rau. "Ke kuma kin zauna kina kallo? Ba a ba da amsa ne a abin?"

Na ɗauko nawa allon. Na rubuta, "Ka zo, na yarda." Huɗu. Gem ɗin ya nuna mini saura kalma ɗaya kyauta, ni kuwa bayan abin da suka yi mana, na rantse ko ɗigo ba zan bar musu ba. Na ƙara ta biyar, na kafe allon kusa da nasa.

"Ka zo, na yarda, marowaci."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ɗan mutum-mutuminsa ya hawo matakala ya tsaya a gaban allon. Ya daɗe a tsaye bai motsa ba. Ashe duk tsawon lokacin nan yana ƙasa a kan kujera ruwan lemo yana jira.

Sai muka ji an kashe rediyo. Duk muka juya. Baba bai buɗe ido ba, ya dai gyara kwanciyar hannunsa a kan ciki ya yi gyaran murya.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ki ce masa in zai zo goben, ya taho da kayan aikinsa. Ƙofar siton nan ta ishe ni."